Tambayoyin Masu Karatu: Iyayen Ikkilisiya da Batun Bauta

Huɗu daga cikin wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan sun taɓo magana guda, wato matsayin Kiristocin farko a kan bauta da abin da matsayin nasu ya haifar daga baya. Mun taƙaita wasiƙun saboda ƙarancin wuri, mun kuma sakaya sunayen marubutansu kamar yadda muka saba.

Tambaya: Malam, gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina koyar da matasa a makarantar Lahadi. Da muka zo kan Afisawa 6:5, inda Manzo Bulus ya umarci bayi su yi biyayya ga iyayengijinsu, sai wani yaro ya tambaye ni dalilin da ya sa Bulus bai ce a daina bautar gaba ɗaya ba. Na amsa masa cewa bautar wancan zamani ba irin ta cinikin bayi ba ce, kusan kamar aikin albashi take. Yaron ya yi shiru, amma na ga alamar bai gamsu ba. Amsar tawa daidai ce? *Daga wata malamar makarantar Lahadi, Tudun Wada, Jos.*

Amsa: Malama, sannu da aikin Ubangiji. Amsar da kika bayar ana yawan jin ta daga bakin masu wa'azi, amma tarihi bai goyi bayanta ba, kuma yaron yana da hujjar rashin gamsuwa.

A Daular Rum, bawa dukiya ne a idon shari'a. Ana sayar da shi, ana gadonsa, ana jinginar da shi a kan bashi. Aurensa ba aure ba ne a gaban alƙali, 'ya'yan da baiwa ta haifa na ubangidanta ne, jikinta ma yana hannunsa. Idan za a karɓi shaidar bawa a kotu, sai an gana masa azaba tukuna, domin an ɗauka cewa ba ya faɗin gaskiya sai ya ji wuya. A shekara ta 61 bayan haihuwar Almasihu, lokacin Bulus yana raye, wani bawa ya kashe Pedaniyus Sekundus, hakimin birnin Roma. Bisa tsohuwar al'adarsu, aka yanke wa dukan bayin gidansa, mutum 400 har da mata da yara, hukuncin kisa. Talakawan birni suka yi bore, majalisar dattawa ta ƙi sassautawa, Sarki Nero ya jera sojoji a kan hanya har aka zartar da hukuncin. Gaskiya ne cewa bautar Rum ba ta rataya a kan launin fata ba, akwai bayi likitoci da malamai da masu kula da dukiya, kuma ana barin wasu su tara abin hannunsu su fanshi kansu, kusan yadda aka san murgu da fansar kai a ƙasar Hausa. Amma wanda aka tura ramin haƙar ma'adinai ko gandun attajiri da mari a ƙafa bai san wannan sauƙi ba.

A cikin irin wannan duniya aka rubuta Sabon Alkawari, kuma maganarsa a kan bauta ta bi hanya biyu. A Galatiyawa 3:28 Bulus ya ce cikin Almasihu babu bambanci tsakanin bawa da ɗa. A 1 Timoti 1:9-10 an jera masu satar mutane tare da masu kisankai da maƙaryata. Wahayin Yahaya 18:13, da yake lissafa hajar Babila wadda hukunci zai faɗa mata, ya rufe lissafin da jikunan mutane da rayukansu. Da Bulus ya mayar da bawa Unisimas wurin ubangidansa Filimon, ya roƙe shi ya karɓe shi a matsayin ƙaunataccen ɗan'uwa, ya kuma ce ya tabbata zai yi fiye da abin da aka roƙe shi. Ta ɗaya hanyar kuma akwai ayar da kuka karanta, da Kolosiyawa 3:22, da Titus 2:9, da 1 Bitrus 2:18 wadda ta ce a yi biyayya har ga ubangida mai mugun hali. An gargaɗi iyayengiji su daina tsoratar da bayinsu, su tuna suna da Ubangiji a sama, amma babu ayar da ta ce musu kai tsaye su 'yanta su.

Masana suna kawo dalilai. Masu bi 'yan kaɗan ne, ba su da murya a fada. Rumawa ba su manta da tawayen bayi na Sipatakus ba, wanda ya ƙare a shekara ta 71 kafin haihuwar Almasihu da gicciye bayi 6,000 a gefen babbar hanyar da ta taso daga Kapuwa zuwa Roma, saboda haka duk ƙungiyar da aka zarga da zuga bayi ta sayi halaka. Sannan Bulus da kansa ya rubuta wa Korintiyawa cewa lokaci ya ƙure, duniyar nan tana shuɗewa. Waɗannan dalilai suna da nauyi, sai dai a ganina sun bayyana abin da ya hana Bulus ƙalubalantar Kaisar ne kawai. Ba su bayyana abin da ya hana ikkilisiya shimfiɗa wa 'ya'yanta sharaɗi a cikin gidanta ba, alhali ta iya shimfiɗa sharuɗɗa masu tsada a wasu wurare. Wani tsohon littafin tsarin ikkilisiya da ake dangantawa da ƙarni na 3 ya ce mai sassaƙa gumaka da kawali da mai faɗan dandali su bar sana'arsu ko a hana su baftisma. Bai ce haka ga mai bayi ba. Abin da ya ce shi ne, idan bawan mai bi ya zo neman baftisma, a tambayi ubangidansa ko ya yarda.

Duk da haka, kada ki bar yaron da rabin labari. Wajen shekara ta 112, gwamna Pilini ya rubuta wa Sarki Tarajan cewa ya azabtar da kuyangi biyu waɗanda Kiristoci ke kira masu hidima, domin ya san sirrin taronsu, wato bayi mata suna riƙe da muƙami a ikkilisiya tun lokacin. Balandina, baiwar da aka kashe saboda bangaskiya a Liyon ta Faransa a 177, ita aka fi tunawa cikin shahidan garin. Kalistus, wanda ya taɓa zama bawa, ya zama bishop na Roma a 217. Wasiƙar Kilemen na Roma, ta ƙarshen ƙarni na 1, ta ambaci masu bi da suka ba da kansu ga ɗauri domin su fanshi wasu. Ki faɗa masa duka biyun: a wurin Jibin Ubangiji bawa da ubangidansa sun sha daga ƙoƙo ɗaya, abin da ba a saba gani ba a Rum, amma da aka tashi kowa ya koma matsayinsa.

Tambaya: Malam, ni ɗalibin tauhidi ne. A darasin tarihin ikkilisiya an koya mana cewa Agustin ya ce zunubi ne ya kawo bauta, ni kuwa na fahimci cewa ya yi Allah wadai da ita ke nan. Abokin karatuna ya ce akasin haka ne, wai maganar Agustin ce ma ta ba bauta gindin zama, kuma wai babu ko ɗaya cikin iyayen ikkilisiya da ya ce haramun ce. Wa ke da gaskiya a cikinmu? *Daga wani ɗalibi, Bukuru.*

Amsa: Ɗana, a kan Agustin abokinka ya fi ka kusa da gaskiya, amma ya yi saurin cewa babu ko ɗaya.

Tun ƙarni na 4 kafin haihuwar Almasihu, masanin falsafar Girka Aristotil ya koyar cewa akwai mutanen da aka halitta domin bauta, waɗanda zaman ƙarƙashin wani shi ne alheri a gare su. Manyan malaman ikkilisiya ba su karɓi wannan ba, kuma ƙin karɓar tasu ba ƙaramin abu ba ne. Agustin, bishop na Hippo, wato Annaba ta Aljeriya a yau, wanda ya rayu daga 354 zuwa 430, ya rubuta a kashi na 19 na littafinsa Birnin Allah cewa Mahalicci ya ba mutum iko a kan dabbobi ne, bai nufi wanda aka yi cikin siffarsa ya mallaki ɗan'uwansa ba, shi ya sa adalai na farko makiyayan dabbobi ne, ba sarakunan mutane ba. Har nan fahimtarka daidai ce. Amma ka ci gaba da karatu. Ya ce tun da zunubi ya shigo, bauta ta zama horo wanda shari'ar Allah ta ƙyale domin kiyaye tsarin duniya, kuma gara mutum ya bauta wa mutum da ya bauta wa sha'awarsa. Bai ce kowane bawa laifinsa ne ya ja masa ba, ya ma kawo misalin Daniyel, adalin da aka kai bauta. Shawararsa ga bawa ita ce ya yi hidima da ƙauna maimakon tsoro, ta haka zai mai da bautarsa wani irin 'yanci, har ranar da dukan mulkin ɗan Adam zai shuɗe. Ya kuma yarda maigida ya hori na ƙarƙashinsa da baki ko da bulala domin zaman lafiyar gida.

Ka ga inda gizo ke saƙar. Idan aka ce bauta zunubi ce da mai bayi yake aikatawa, to wajibi ne ya tuba ya daina. Idan kuwa aka ce sakamakon faɗuwar Adamu ce, sai ta shiga sahun ciwo da naƙuda da mutuwa, abubuwan da ake jimrewa a kuma sassauta, ba a sa ran kawar da su kafin ranar ƙarshe. Agustin ya zaɓi ta biyun, kuma Turai ta bi shi shekaru fiye da dubu.

Kada ka ɗauka mutum ne marar tausayi. Cikin wasiƙunsa da masani Johannes Divjak ya gano aka buga a 1981, akwai wadda ya rubuta wa abokinsa Alipiyus a ƙarshen rayuwarsa, yana kukan yadda fataken bayi daga Galatiya suka addabi gaɓar Afirka ta Arewa, 'yan samame suna faɗa wa ƙauyuka da dare suna kwashe mata da yara. Ya ba da labarin yadda 'yan ikkilisiyar Hippo, shi ba ya gari, suka kuɓutar da mutum kusan 120 daga jirgin ruwa da wurin da aka tsare su. Amma abin da ya roƙi Alipiyus ya nema a fadar sarki shi ne a hana sayar da 'ya'ya, waɗanda aka haifa cikin 'yanci. Wanda aka haifa bawa ba ya cikin ƙarar. Haka fansar kamammu take a wurin sauran: Sifiriyan na Kartaj ya aika da kuɗi masu yawa domin fanso masu bi da aka kama a Numidiya a tsakiyar ƙarni na 3, Ambros na Milan ya narkar da kwanonin zinariya na majami'a domin fansar waɗanda aka kama bayan yaƙin Adiriyanopil na 378. Aikin jinƙai ne na gaske, amma bai taɓa tushen abin ba.

Yohanna Kirisostom, mai wa'azin Antakiya wanda ya zama bishop na Konstantinopil, ya fi zafin baki. Ya ce kwaɗayi ne ya haifi bauta, ya ce Allah ya ba mutum hannuwa da ƙafafu domin kada ya bukaci bara, ya kunyata attajiran da ke yawo a kasuwa da ayarin bayi, ya ce ɗaya ko biyu sun isa, sauran a koya musu sana'a a sallame su. Shi ɗin ne kuma, da ya zo bayanin wasiƙar Filimon, ya gargaɗi masu bi kada su raba bayi da iyayengijinsu, don kada a ce addinin Almasihu ya zo rushe tsarin gari.

Majalisun bishop-bishop sun fi nuna inda nauyin ya karkata, domin doka suke kafawa. Majalisar Elbira a Sifaniya, farkon ƙarni na 4, ta ce uwargijiyar da ta yi wa kuyangarta bulala har ta mutu cikin kwana uku za a hana ta Jibin Ubangiji shekara 7 idan da gangan ne, shekara 5 idan kuskure ne. Majalisar nan ce ta ce wanda ya yi wa gunki hadaya bayan baftisma ba za a karɓe shi ba ko a bakin mutuwa. Sarki Konstantin ya ba da doka a 321 cewa 'yantawar da aka yi a majami'a gaban bishop tana da ƙarfin shari'a, wannan kuwa ya buɗe wa mutane da yawa ƙofa. Amma a tsakiyar ƙarnin, majalisar Gangra, a ƙasar Turkiyya ta yau, ta la'anci duk wanda ya fake da ibada ya koya wa bawa raina ubangidansa ko barin hidimarsa. Ka lura, ba a kafa doka a kan abin da babu mai yi, ashe akwai masu bi da ke koyar da hakan, su ne mabiyan Yustatiyus na Sebaste. Paparoma Liyo na Ɗaya ya hana naɗa bayi aikin firist a 443, majalisar Kalsidon ta 451 ta hana karɓar bawa gidan 'yan zuhudu ba da yardar ubangidansa ba. Ikkilisiya da kanta ta mallaki bayi a gonakinta. Paparoma Giregori Babba, da yake 'yanta biyu daga cikinsu a 595, ya rubuta cewa halitta ta yi mutane 'ya'ya, dokar al'ummai ce ta ɗora musu karkiya, amma shi ma ya aika a sayo wasu bayin daga tsibirin Sardiniya.

Mutumin da ya karya maganar abokinka shi ne Giregori na Nissa, daga Kafadokiya. Wajen shekara ta 379, yana wa'azi a kan Littafin Mai Hadishi, ya iso 2:7 inda mai magana yake taƙama cewa ya sayi bayi maza da mata. Giregori bai tsaya a kan mugun hali ko kyakkyawan halin ubangida ba, mallakar kanta ya kai wa hari. Ya ce wanda ya mai da mutum bawa yana kafa doka ne gaba da dokar Allah, domin ikon da aka bayar a Farawa ya tsaya a kan kifaye da tsuntsaye da dabbobi. Ya tambayi mai saye nawa ya biya kuɗin hankali, kwabo nawa ya auna siffar Allah. Ya ce tun da an ba mutum mulkin duniya, wanda zai saye shi sai ya biya kuɗin duniya da abin da ke cikinta. Ya ce Allah da kansa ba ya mai da ɗan Adam bawa, domin ba ya janye kyautarsa, shi ne ma ya kira mu zuwa 'yanci lokacin da muka sayar da kanmu ga zunubi, to wane ne zai ɗora ikonsa bisa na Allah? Ya ce wa mai bayi 'yar takardar ciniki ce ta ruɗe shi, alhali iska ɗaya suke shaƙa, rana ɗaya suke gani, ƙura ɗaya za su zama. Masana tarihi da yawa suna ganin babu wani rubutu daga tsohuwar duniya da ya kai wannan fito-na-fito da bauta. Gidansu ma abin lura ne: yayarsa Makrina ta shawo kan mahaifiyarsu suka zauna daidai da kuyanginsu a ci da sha da wurin kwana, amma wansa Basil, ko da yake ya ce babu bawa bisa ga halitta, ya yarda cewa zama ƙarƙashin mai hikima na iya amfanar marar wayo.

Wa'azin Giregori bai zama doka ba, babu majalisar da ta ɗauke shi. Amfaninsa gare ka a matsayin ɗalibi shi ne ya rage ƙarfin uzurin da muke yawan kawowa, cewa mutanen zamaninsu ne, ba yadda za su ga abin da muke gani. Ga wanda ya gani, da Littafi ɗaya a hannunsa, a ƙarni ɗaya da su.

Tambaya: Malam, gardama ta kaure a ofishinmu. Wani ya ce Kiristoci ne suka kawar da bauta a duniya, wani ya ce da Littafi Mai Tsarki a hannu Turawa suka kwashe kakanninmu. Har an fara jifan juna da maganar addini. Ina gaskiyar take? *Daga wani ma'aikacin gwamnati, Jos.*

Amsa: Ɗan'uwa, kowannensu ya riƙo gaskiya ta gefe guda, kuma gefen biyu daga koyarwar da muka bayyana a sama suka tsiro.

Dokar Gangra ta shiga kundin dokokin ikkilisiyar Yamma a ƙarni na 12. A 1444 aka raba kamammu 235 daga gaɓar Afirka a garin Lagos na Fotugal (ba Legas tamu ba), marubucin fadar da ya ba da labarin ya jingina bautar baƙar fata da la'anar Nuhu. Wanda ya buɗe Farawa 9 zai ga cewa Kan'ana aka la'anta, kuma babu maganar launi a wurin. A nan Afirka ta Yamma, Shehu Ahmad Baba na Timbuktu ya yi watsi da wannan jingina a fatawarsa ta wajen 1615. A 1452 Paparoma Nikolas na Biyar ya ba sarkin Fotugal izinin mai da Musulmi da sauran waɗanda ba Kirista ba bayi na har abada. Kafin cinikin Tekun Atlantika ya ƙare, an loda 'yan Afirka kusan miliyan 12 da rabi a jirage.

Rarrabe 'yancin ruhu da na jiki shi ne gadon da ya fi yi wa masu gandu amfani. Da aka fara tsoron cewa baftisma za ta 'yanta bayi, majalisar Bajiniya a Amurka ta kafa doka a 1667 cewa baftisma ba ta sauya matsayin bawa. Ƙungiyar yaɗa bishara ta Cocin Ingila ta gaji gandun rake na Codrington a Babados a 1710, ta riƙe shi da bayinsa fiye da shekara ɗari, har an riƙa yi musu lalas da sunan ƙungiyar a ƙirji. A 1742 Jacobus Capitein, ɗan ƙasar Gana ta yau wanda aka sayar yana yaro, ya kare rubutu a jami'ar Leiden ta Holand cewa bauta ba ta saɓa wa 'yancin Kirista ba, daga nan aka tura shi aikin fasto a Elmina. A 1807 aka buga wa bayin Karibiyan wani Littafi Mai Tsarki a Landan wanda aka cire labarin fitowar Isra'ilawa daga Masar da Galatiyawa 3:28, aka bar Afisawa 6:5. Masu cirewar sun san abin da suke tsoro. Har a 1866, ofishin koyarwa na Fadar Paparoma ya amsa wata tambaya daga ƙasar Habasha da cewa bauta a kan kanta ba ta saɓa wa dokar Allah ba.

Ɗaya gefen ma tabbatacce ne. Paparoma Bulus na Uku ya hana bautar da 'yan asalin nahiyar Amurka a 1537. 'Yan ɗariƙar Kwaka na garin Germantown a Amurka sun rubuta ƙorafi a 1688, John Wesley ya yi rubutu mai zafi a 1774, 'yantaccen bawa Olaudah Equiano ya buga tarihin rayuwarsa a 1789, William Wilberforce ya ja yaƙin a majalisar Ingila har aka hana cinikin a 1807, bayan ya bar majalisar kuma aka soke bautar a 1833, ko da yake fam miliyan 20 na diyya masu bayin aka ba, ba bayin ba. Hujjarsu ita ce ta Giregori na Nissa, wato siffar Allah a cikin kowane mutum. Kada kuma a manta da bayin da kansu: juyin Haiti ya fara a 1791, Sam Sharpe, dikon na Baptis, ya ja tawayen Jamaika a 1831. A Amurka maganar ta raba Metodis a 1844 da Baptis a 1845, kowane ɓangare da ayoyinsa. Baptis na Kudu, waɗanda suka turo Thomas Bowen ƙasar Yarbawa a 1850, sai a 1995 suka nemi gafara a fili. Majalisar Batikan ta Biyu ta jera bauta cikin abubuwan ƙyama a 1965, Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya nemi gafara a tsibirin Gore na Senegal a 1992, Cocin Ingila a 2006.

Tarihin ikkilisiya a ƙasarmu cike yake da 'yantattun bayi. An kama Samuel Ajayi Crowther a 1821, jirgin yaƙin Ingila ya kuɓutar da shi a 1822, ya zama bishop a 1864. Dorugu, yaron da aka 'yanta ya bi matafiyi Bajamushe Heinrich Barth zuwa Turai a 1855, shi ya zauna da ɗan mishan J. F. Schön yana ba shi Hausar da ya yi aikin nahawu da fassara da ita. Sanarwar Lugard ta 1901 ta hana samame da ciniki ta kuma 'yanta 'ya'yan da za a haifa daga lokacin, amma sai a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a Arewa. Mishan ta SUM (Sudan United Mission), wadda cocin COCIN ta fito daga cikinta, ta buɗe gidan renon 'yantattun yara a Rumasha a bakin Binuwai a 1909. Mu mazauna Filato mun san dalilin da ya sa kakannin wasu suka hau duwatsu suka kewaye ƙauyukansu da ƙerana, kuma mun san cewa kamawa da sayarwa ba su tsaya ga ƙabila ɗaya ko addini ɗaya ba. Ka tuna wa abokan aikinka cewa laifi tudu ne, kowa ya taka nasa sai ya hango na wani.

Tambaya: Malam, a taron Zumuntar Mata wata ta karanta Kolosiyawa 3:22 ta ce ayar ta shafi 'yan aikin gida, saboda haka yarinyar da aka kawo daga ƙauye ba ta da bakin ƙorafi. Zuciyata ba ta kwanta ba. *Daga wata uwa, Unguwar Rukuba, Jos.*

Amsa: Mama, zuciyarki ta faɗa miki daidai. Yarinyar da aka kawo daga ƙauye ba baiwa ba ce, 'yar mutane ce da aka ba ku amana, kuma wadda ta ɗauko ayar bayi ta ɗora mata ta bayyana yadda take kallonta. Wannan karatu shi ne na masu gandun Babados: a zaɓi ayar da ta yi wa mai ƙarfi daɗi, a tsallake wadda ke biye da ita. Kolosiyawa 4:1 tana nan ƙasa kaɗan, tana neman adalci da gaskiya daga iyayengiji, Yakubu 5:4 kuma ta ce hakkin ma'aikaci da aka danne yana kuka har kunnen Ubangiji.

A taro na gaba, ki roƙi shugabar zumunta a yi tambayoyin da za a iya amsawa da i ko a'a. Yarinyar tana zuwa makaranta kamar yadda aka yi wa iyayenta alkawari? Kuɗin aikinta yana shiga hannunta, ko wata dillaliya ce ke karɓa duk wata? Daga tukunyar gida take ci? Tana da hanyar magana da iyayenta, kuma idan ta ce za ta koma gida, za a bar ta? Ki kuma sanar da su cewa maganar ta wuce ta wa'azi kawai. Sashe na 34 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya hana riƙe kowa cikin bauta ko aikin tilas, an kafa hukumar NAPTIP a 2003 domin yaƙi da fataucin mutane, dokarta ta 2015 kuma ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida, da hukuncin ɗauri ga wanda ya yi.